Mussa Mai Miki a Wuya

Sha'ibu ya tashi daga aiki bayan la'asar, ya hau kekensa ya nufi bakin kogi sayen kifi. Ma'aikacin gidan likitan dabbobi ne. Daga Maraɗi aka turo shi Diffa, iyalinsa suna can, shi ke dafa wa kansa, shi ke ci shi kaɗai.

A shekarar kogin Kumadugu ya cika har ya shiga gari. An kwashe mutanen unguwar da ke can gangare, ruwan ya ja baya kaɗan ya bar gidajen laka tsaye cikin taɓo, wasu ba rufi. Tsakanin unguwar da sauran gari an jera buhunan yashi, doguwar ganuwa mai kai wa mutum ƙugu. A farkon ganuwar nan Amarya mai kifi take ajiye tirenta. Ta ba hamsin baya, tana da jikoki, amma sunan ya bi ta tun aurenta na fari.

"Likita, tarwaɗa ko karfasa?"

"Tarwaɗa biyu, Inna. Ki sare mini kawunan."

Tana cikin sara wari ya iso shi. Ba ƙarnin kifi ba ne. Shekara goma sha ɗaya yana buɗe ƙurajin shanu da raƙuma, ya san warin nama mai ruɓa a jikin abin da bai mutu ba. Ya waiga.

Mussa ce, wato kyanwa, zaune a kan buhu, kamar taki ashirin daga gare shi. Launin toka, ramammiya, kunne ɗaya a yage. A gefen wuyanta na hagu akwai miki mai faɗin kwalin ashana. Bakin mikin yana motsi.

"Tsutsa ta kama ta," ya ce. "Kwana biyar ba za ta ƙara ba."

"To sai ta mutu," in ji Amarya, ba ta ko ɗaga kai ba. "Mussar daji ce. Ba ta kowa ba."

Ya ɗauki kan tarwaɗa ɗaya ya nufe ta. Ta yi tsalle ta faɗa bayan ganuwar.

Sha'ibu mutum ne mai taurin kai a kan dabba. Ya taɓa kwana uku yana lallashin jakin da aka fasa wa baya da bulala, har jakin ya ɗora masa kai a kafaɗa. Ya san yadda ake yi. Washegari ya dawo. Ya ajiye kan kifi a kan buhu, ya ja baya, ya zauna a karkace yana ba ta gefen jikinsa. Bai kalle ta cikin ido ba. Bai yi magana ba. Ya daɗe har ƙafarsa ta yi sanyi, sannan ta fito, ta cafe kan kifin, ta ɓace.

Haka kullum, tsakanin la'asar da magariba. Kowace rana yana rage taki ɗaya tsakaninsu. Ya koyi yi mata ƙyafta ido a hankali. Ya daina sa turare, ya daina zuwa da takalmi mai ƙara. Ba ta da mazauni guda: yau ya tarar da ita a kan wannan buhu, gobe a kan wani can gaba kaɗan. Bai sa abin a ransa ba.

Kwana biyar suka wuce ba ta mutu ba. Goma suka wuce.

Ran kwana goma sha huɗu ya miƙa mata hannu ba kifi. Ta matso tana rawar jiki. Ta shinshina. A yatsansa manuni akwai ƴar tsaga da waya ta yi masa a wurin allurar shanu, sai ta sa harshe ta lashi daidai wurin.

Harshen da sanyi, kamar an fito da shi daga randa.

Duk da haka ya yi murna. A daren ya kira matarsa Hidaya ya ba ta labari, ta yi dariya ta ce Diffa ta mai da shi uban mussa.

Bayan kwana biyu ya zo da jakarsa: hantsaki, auduga, da kwalbar girezil, maganin nan baƙi mai kaifin wari da ake zuba wa dabba a miki. Mussar ta kwanta a cinyarsa da kanta, ta miƙe wuya. Ya fara ciro tsutsa. Farare, ƙosassu, kowace kamar ƙwayar dafaffiyar shinkafa. Yana jefa su cikin gwangwanin sardin suna nannaɗewa. Ya ciro ashirin, ya ciro talatin, ramin bai nuna ƙarshe ba. Wuyan mussa nawa yake, da zai ɗauki wannan duka?

Ba ta motsa ba. Ko da maganin ya shiga ba ta yi kuka ba.

Can hantsakin ya kamo wani abu siriri. Ya ja. Ya yi ta ja. Gashi ne, fari, dogo, ya fi kamu ɗaya, da sauran lanƙwasar kitso a jikinsa. Tare da shi wani ƙamshi ya taso daga cikin ramin, ƙamshin humra irin wadda matan Barebari ke shafawa ranar biki. Ya gauraya da warin ruɓa, mai zaƙi, mai maiƙo, ya liƙe masa a maƙogwaro.

Ya juya kai ya yi amai a kan yashi.

Ya ce wa kansa bola ta kwana, gashin ya manne. Ya wanke mikin tas har jan nama ya bayyana, ya tafi gida ya yi wanka sau biyu.

Washegari mikin cike yake, kamar bai taɓa shi ba.

Ya sake wankewa. Ya sake cika. Kuma abubuwa suka fara canzawa a gari. A buro, ofishinsu, abokin aikinsa ya buɗe taga, ya matsar da kujerarsa. A masallaci mutumin da ke damansa ya yi tari, aka sallame ya tashi ko addu'a bai tsaya ba. Ƙudaje suka riƙa bin kekensa. Shi bai jin komai. Yatsan dai ya ɗan kumbura, yana ƙaiƙayi daga ciki.

Ran kwana ashirin da uku ya kai hannu zai zaɓi kifi, Amarya ta buge shi da bayan wuƙa.

"Kada ka taɓa. Nuna kawai."

"Haba Inna, me na yi?"

Ta rufe hanci da bakin gyale. Ta yi ƙasa da murya.

"Ɗana, warin ɗakin majinyaci kake yi. Wanda aka rufe aka manta. Ka rabu da abin nan."

"Ai ta kusa warkewa."

"Ka taɓa ganin ta ci kifin?"

Bai taɓa gani ba. Ɗauka take yi ta tafi.

"To ƴaƴa gare ta," ya ce. "Su take kai wa."

"Mussa mai shayarwa nononta ke faɗi. Kai ne likita. Ka duba?"

Ya riga ya duba. A bushe yake. Amma ya karɓi kan kifinsa ya jingine keke, ya bi ganuwa da jakarsa a kafaɗa.

Ya yi tafiya mai nisa kafin ya same ta. Rana ta yi ja, ta kusa taɓa ruwa. Kwaɗi sun fara. Da ta karɓi kan kifin ba ta ruga ba. Ta sauka bayan ganuwar, ta yi taki uku, ta waigo. Ta jira.

Wani daɗi ya kama shi. Dabbar daji ba ta nuna wa kowa makwancinta. Ya naɗe ƙafar wando ya tsallaka.

Taɓo ya haɗiye takalminsa na dama, ya bar shi. Suka bi lungu. Gidaje ba ƙofofi. Tukunya a kife, tabarma ta yi baƙi, buhun tattasai ya fashe ya yi funfuna kore. Ruwa kwance a ko'ina, da yauƙi a samansa. Sauro kamar hayaƙi.

Kukan kwaɗin ya tsaya, duka a lokaci ɗaya.

Gidan ƙarshe ne, bayansa kogi. Ɗaki ɗaya ya rage da rufi. Labulen buhu a bakin ƙofa, ƙudaje sun rufe shi har ba a ganin launinsa. Mussar ta shige ta ƙasa.

Ya ɗaga labulen da gwiwar hannu.

Yanzu kam ya ji warin. Ya daki fuskarsa kamar tururi. Ruɓa da humra.

Ruwa ya kai masa idon sawu, da ɗumi. Ta wata ɓula a bango hasken yamma yana shigowa. A kusurwa akwai babban kwano, cike da kawunan tarwaɗa, sun narke sun zama abu ɗaya mai kumfa. Ya gane saran Amarya.

Ba ƴaƴan mussa.

A kan gadon kara wani yana kwance, lulluɓe da zane. Ƙafafun sun zarce gadon, sun kai bango, sun lanƙwashe sun hau shi.

Zanen yana motsi ko'ina, ƙanana-ƙanana, kamar ruwan da ya kusa tafasa.

"Wushe, likita."

Gaisuwar Barebari. Muryar tsohuwa ce, ƙasa-ƙasa, da jiƙa a cikinta.

"Ka zo. Sannu da hanya."

Ya so ya juya. Ƙafafunsa suka ƙi.

"Kai mai tsoro ne," in ji muryar. "Kwana ashirin da uku muna lallaɓa ka. Taki ɗaya, taki ɗaya. Ko ido ba mu haɗa da kai ba, don kada ka firgita."

Sai ya tuna buhunan. Kullum gaba kaɗan. Ranar farko yana jin saran wuƙar Amarya a bayansa. Yaushe ya daina jin ta?

Wani hannu ya fito, yatsu dogaye da tsohon lalle. Ya janye zanen.

Fuskar ƙarama ce, kitso fari. Idanun a rufe. Daga kunnen hagu har ƙashin wuya babu fata, sai rami, kuma ramin a cike yake, fari fat, yana juyawa. Yana da sauti. Kamar ana dama kunu a ɗaki na kusa.

Mussar ta hau gadon. Ta taka ƙirjin tsohuwar. Ta sa kai cikin ramin, sannan kafaɗu, sannan sauran jiki, kamar hannu na shiga aljihu. Wutsiya ce ta shige ƙarshe.

Tsohuwar ta buɗe ido. Idon mussar ne.

"Mun ɗanɗana hannunka," ta ce. "Yana da tausayi. Fara."

Ya ga kansa ya durƙusa cikin ruwan. Ya ga jakarsa a buɗe. Ya ga hantsaki a hannunsa. Ba shi ya ba hannun umarni ba, hannun ya san aikinsa.

Ya ciro ɗaya. Ya ciro biyu.

Ya ciro uku.

Ya nemi bisimilla a bakinsa, harshen ya yi nauyi kamar ɗanyar hanta.

Ta kama wuyan hannunsa. Tafinta da laushi, laushin ya yi yawa, yatsunta suna nutsewa cikin kansu.

"Ba cirewa za ka yi ba, ɗana. Ciwo ba ya mutuwa. Gida yake sakewa."

Ta jawo hannun har hantsakin ya nutse.

"Sun gaji da ni. Naman ya tsufa."

Suka fara hawa. A jere, bisa ƙarfen hantsakin, kamar tururuwa. Ta farko ta iso yatsansa. Tsagar nan ta buɗe da kanta, kamar baki.

Ya ji shigarta.

Ya ji ta biyu.

Daga can cikin gari, nesa ƙwarai, ladani ya ɗaga murya.

Harshensa ya saki. "A'uzu billahi!" Ihu ya yi, ba karatu ba. Hannun hagu ya lalubo kwalbar girezil, ya ciro murfin da haƙori, ya juye ta duka a kan hannunsa da nata da ramin.

Kukan da ya fito ba daga bakinta ya fito ba. Daga wuyan ne.

Ya fizge. Fatar tafinta ta biyo shi, manne a wuyan hannunsa kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ƙafafun nan suka sauko daga bango suka tare ƙofa.

Ya daki bangon baya da kafaɗa, daidai ɓular. Lakar ta sha ruwa wata biyu. Ta buɗe, ya faɗa kogi.

Ruwan ya ja shi. Ya sha, ya nutse, ya taso. Wani abu ya ɗaure masa riga ta baya, ya yi ta duka yana ihu, sai ya ji muryar namiji.

"Kai, tsaya! Ni mutum ne! Za ka kifar da mu!"

Wani dattijo ne cikin kwalekwale, Baba Umara, manomin tattasai da ruwa ya cinye wa gona. Kwanon rufin gidansa ya je kwasowa. Ya jawo Sha'ibu ya kwantar a kan kwanonin, ya kalli hannun, ya kalli gidan da aka fito, ya tofar da yawu a ruwa. Ya tuƙa har suka yi nisa.

"Tun ina yaro ba wanda ya kwana a gidan can," ya ce. "Masu shi ba irinmu ba ne. Da ruwa ya zo, kowa ya kwashe nasa. Su ba wanda ya kwashe su."

Ya ƙara tuƙi biyu.

"Ajiye hannun nan waje da jirgi, don Allah."

A asibiti aka yanke masa yatsu biyu, manuni da na tsakiya. Likitan da ya yi aikin ya tambaye shi wata nawa ya bar ciwon haka. Ya ce kwana tara. Likitan ya dube shi, bai rubuta ba.

Warin ya ɗauki mako uku kafin ya bar shi. Hidaya ta zo daga Maraɗi ta yi jinyarsa, ta ƙona kayan da ya sa a ranar. Ya rubuta takardar neman a mai da shi gida, aka amince. Shinkafa kuwa, ko a kwanon wani ya gan ta sai ya tashi.

Ana gobe zai hau mota ya je wankin ciwo na ƙarshe a ƙaramin asibitin unguwarsu. Wata sabuwar ma'aikaciyar jinya ce a bakin aiki, Aziza, ƴar garin Tawa, watanta ɗaya a Diffa. Hannunta da sauƙi. Tana warware bandeji tana yi masa sannu kamar yaro. Da ta sunkuya, ya ga gwangwanin sardin a aljihun farar rigarta.

"Abincin rana ne, ƙanwata?"

Ta yi murmushi. "A'a, Malam. Wata mussa ce ke zuwa bayan katanga. Abin tausayi, wuyanta duk ya ruɓe. Kai da kake likitan dabbobi, me ake sa musu?"

Ya riƙe bakin tebur.

"Kwana nawa?"

"Yau shida. Ta fara sabawa da ni. Da a gindin katanga take tsayawa, jiya sai da na bi ta har bakin hanya."

Ya ce ta rufe ƙofa. Ya gaya mata komai, bai rage ba: buhunan, gashin, kwanon kawunan kifi, ƙafafun da suka hau bango. Ya ɗaga mata hannun ta ga inda yatsu biyu suke a da. Ya ce ta je ta tambayi Amarya mai kifi, ta tambayi Baba Umara. Ya haɗa ta da Allah.

Ba ta yi dariya ba. Ta saurara har ƙarshe, idanunta sun kawo ruwa. Ta gama ɗaure masa hannun a hankali, ta manna filasta, ta daɗe tana kallon kwalin audugar da ke gabanta.

"Malam Sha'ibu," ta ce, "ita tsohuwar fa? Tun ranar ba wanda ya koma ya duba ta?"